Tsohon agogon matuƙa jirgi: me ya sa mai tabo ya fi gogagge tsada?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Na daɗe ina tari don in mallaki tsohon agogon matuƙa jirgin sama, kuma idona yana kan Breitling Navitimer, samfurin nan mai lamba 806 na shekarun 1960. To an turo min hotunan guda biyu daga hannun mutane daban-daban. Na farko fes yake, sai ƙyalli, fuskarsa baƙa wuluk, lambobinsa farare tas. Na biyun kuwa jikinsa duk ƙarce, baƙin fuskar ya koɗe ya fara komawa ruwan ƙasa. Abin da ya ɗaure min kai, na biyun ne ya fi tsada nesa ba kusa ba, mai shi kuma ya ƙi ragi ko kaɗan. Ni ne ban gane ba, ko wayo ake so a yi min?

Ɗan Batir: Wa alaikumus salam. Ga shawara kyauta: ka riƙe kuɗinka. Wayar da ka turo tambayar nan da ita ta fi su duka biyun faɗin lokaci daidai.

Mai Zaure: Ɗan Batir, har ka fara? Bari masu abin su yi magana tukuna.

Dillali: Ƙanena, ba wayo ba ne, haka kasuwar take. A tsohon agogo fuska ita ce kuɗi. Inji ana gyara shi, gilashi ana sauya shi, madauri kuwa ba a ma lissafa shi. Amma fuskar da aka buga a masana'anta shekara 60 da suka wuce, in ta tafi ta tafi ke nan. Wancan mai ƙyallin da ya ja hankalinka, ɗayan biyu ne: ko an kankare fuskarsa an sake fenti, ko an sa masa sabuwa a wajen sabis. Duk wanda ya faru a ciki, manyan masu tara agogo sun juya masa baya. Mai koɗewar nan shi suke bi, musamman in baƙin ya rikiɗe ruwan ƙasa bai-ɗaya, ba dabbare-dabbare ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sabon Shiga: Alhaji, wato in biya ƙarin kuɗi saboda fenti ya lalace? Don Allah a fahimtar da ni.

Baba Mai Gyara: Yaro, bari in gaya maka abin da nake gani a kan teburina. Ƙyallin da kake gani a jikin na farkon ba wanki ba ne, ci ne. Injin gogewa ƙarfe yake ci. Duk ƙarcen da aka ce an share, ba cike shi aka yi ba, ƙarfen da ke kewaye da shi aka zaftare har ya yi daidai da zurfin ƙarcen. A yi haka sau biyu sau uku, sai ka ga ƙahonnin da ke riƙe madauri sun sirance, kusurwoyin da masana'anta ta fitar da kaifi sun zama mulmulallu, lambar da ke bayan agogon ta fara dusashewa. Wannan ba ya dawowa. A Navitimer ma abin ya fi muni, don zoben da ke kewaye da gilashinsa yana da ƙananan haƙora da ake kamawa a juya shi. Na farko-farko kamar jerin duwatsun ado suke, na baya kuma tsaga-tsaga. In aka goge su suka lafe, daga nesa mai ido zai gane.

Sai fuska. Fuskar 806 tana cikin masu wuyar kwaikwayo a duniya, saboda ma'aunin lissafin da ke gefenta. Ɗaruruwan ƙananan layuka ne da lambobi, kuma dole na zoben waje su hau daidai kan na ciki. Mai sake fenti ba kasafai yake dacewa ba. Ka sa a juya zoben, 10 ta waje ta hau kan 10 ta ciki, ka bi sauran lambobin da ido. In suna kaucewa juna, hannun wani ya taɓa wurin.

Amma kada a ji ni ba daidai ba. Ban ce a bar inji da datti ba. Injin da ke cikin yawancinsu Venus 178 ne, na wani da hannu, kuma an daɗe da daina ƙera shi. In ka bar shi yana aiki da busasshen mai, ƙananan sassansa masu juyawa za su cinye, kuma neman madadinsu aiki ne ja. A wanke ciki, a bar waje.

Hajiya Mai Tarawa: Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, duk wanda zai kai tsohon agogo sabis ya rubuta sharuɗɗansa a takarda: kada a goge, kada a sauya fuska, kada a sauya hannaye, duk abin da aka cire a dawo min da shi. Manyan wuraren sabis burinsu su mayar maka da agogo kamar sabo, a wurinsu wannan shi ne aiki mai kyau. Ba mugunta ba ce. Sai dai kana iya kai abu mai daraja ka karɓo rabinsa, kuma kai ne za ka biya kuɗin aikin.

Tsohon Matuƙi: Na karanta duka, kuma ni ban yarda da wannan bautar tabo ba. Ku yi haƙuri.

Agogunan nan kayan aiki ne. Waɗanda suka fara ɗaura su ba su taɓa tunanin ajiye su a akwati ba. Ku ɗauki Mark 11 da IWC da Jaeger-LeCoultre suka yi wa sojan saman Birtaniya tun 1948. Faɗinsa milimita 35 zuwa 36 ne kacal, an lulluɓe injinsa da kwanson ƙarfe mai laushi don kada maganaɗisun na'urorin jirgi ya rikita shi. Agogunan nan a kai a kai ake mayar da su wajen gwaji da gyara. Da aka daina amfani da radiyam, hukumar sojan da kanta ta sa aka cire tsofaffin fuskoki aka sa masu tiritiyam, shi ne kuke ganin harafin T a cikin da'ira. To wanne ne na asali? Wanda ya yi aiki aka sauya masa fuska bisa umarnin masu shi, ko wanda ya kwana a durowa bai taɓa hawa sama ba?

Haka Type 20 na sojan saman Faransa na shekarun 1950, wanda Breguet da Dodane da wasu suka ƙera. Duk lokacin da aka yi masa sabis sai a buga FG da kwanan wata a bayansa, alamar ranar da garantin aikin zai ƙare. Wani za ka ga bayansa cike da waɗannan tambura. Yau masu saye murna suke yi da su. Ashe ke nan taɓawa ba laifi ba ce.

Dillali: Kyaftin, ranka ya daɗe, ai ka kawo hujjata da bakinka. Tamburan FG suna ƙara kuɗi ne saboda tarihi ne da ake iya karantawa. Fentin da wani ya yi a bayan shago bara ba tarihi ba ne.

Hajiya Mai Tarawa: Nan ne gaɓar. Akwai sauyin da aka yi don agogo ya ci gaba da aiki, aka kuma bar shaidarsa a fili. Akwai wanda aka yi don a ɓoye wani abu ga mai saye. Ni ba na ƙin agogon da aka sauya wa fuska in an gaya min, aka kuma sa masa kuɗin da ya dace da shi. Ina da irinsu, kuma su na fi ɗaurawa, don ba na fargabar hasken rana ko karo da ƙofa. Abin da ba na yafewa shi ne a sayar min da gyararre da sunan wanda ba a taɓa ba.

Tsohon Matuƙi: Da wannan na yarda, Hajiya. Amma ku amsa min: Rolex GMT-Master na farko, 6542, wanda aka yi a tsakiyar shekarun 1950 don matuƙan kamfanin jiragen Pan Am masu tsallaka teku. Zobensa na wata roba ce mai suna Bakelite, tana tsagewa, shi ya sa kamfanin ya koma aluminiyam. Wato masu ƙera shi da kansu sun ga aibi ne suka gyara. Yau wanda ya zo da tsagaggiyar robar ya fi mai aluminiyam tsada ninki-ba-ninki. Aibin ake saye. Ni a aikinmu abin da ya tsage cire shi ake yi kafin a tashi.

Dillali: Saboda kaɗan ne suka rage, Kyaftin. Ba kyau ake saye ba, ƙaranci ake saye.

Ɗan Batir: Alhamdu lillahi, yau dillali ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Sabon Shiga: Kyaftin ya ambaci radiyam. Shi ne abin da ke sa lambobi haske da dare? Na ji an ce yana da illa. Wanda nake dubawa fa?

Baba Mai Gyara: Tambaya mai kyau, kuma ita ce ta fi duk maganar kuɗi muhimmanci. Tun wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya har farkon shekarun 1960, da radiyam ake haɗa fentin da ke haske. Kun san labarin 'yan matan masana'antun Amurka na shekarun 1920, masu lasar bakin burushi don ya yi tsini suna shafa wa lambobi fenti, yadda ƙasusuwan muƙamuƙinsu suka lalace, da yawa suka mutu. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, in tsohon agogo ya daina haske, ba radiyam ɗin ne ya ƙare ba. Garin da yake sa wa haske ne ya ƙone. Shi radiyam sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Yana nan daram.

Haɗarin ba a ɗaurawa jefi-jefi yake ba, a buɗewa yake. Fentin ya tsufa ya zama gari, ka buɗe ka hura, ka shaƙa. Sannan yana fitar da iskar radon, don haka wanda ya tara irinsu da yawa kada ya kulle su a ƙaramin akwati a ɗakin kwana. A sa su inda iska ke shiga, kada a kwana da su a hannu, kada a ba yara su yi wasa da su, in gilashi ya fashe a nannaɗe a leda a kai wa wanda ya san aikin.

Bayan radiyam aka koma tiritiyam, shi kuma shekara 12 da 'yan watanni yake rabewa, kuma ƙarfinsa bai kai na wancan ba ko kusa. Ka duba ƙasan fuskar, wajen ƙarfe 6. In ka ga T kusa da sunan ƙasar da ta ƙera shi, tiritiyam ne. A ƙarshen shekarun 1990 aka bar su duka aka koma LumiNova, wanda haske kawai yake sha ya mayar.

Ga amfanin wannan ga mai saye: agogon da aka ce na 1965 ne, in ka haska masa tocila ka kashe fitila ya yi ta ƙyalli kore shar na tsawon lokaci, to sabon fenti ne. Tsohon tiritiyam ɗan haske yake yi ya mutu nan da nan.

Hajiya Mai Tarawa: Ni har ƙaramar na'urar Geiger, mai gano tururin radiyam, nake da ita. Ba don tsoro kaɗai ba. In aka ce min agogon 1950 ne ba a taɓa fuskarsa ba, na kara na'ura ta yi shiru, to magana ta ƙare.

Dillali: Hajiya, kada ki dogara da ita ɗari bisa ɗari. Masu haɗa jabu sun san kuna da na'urar. Ana kankaro tsohon fenti daga agogon da ba shi da daraja a shafa wa mai daraja. Ana gasa fuska don ta koma ruwan ƙasa. Ana rina sabon fenti ya yi kalar tsufa. Tun da aka fara biyan kuɗi a kan tabo, aka fara ƙera tabo.

Tsohon Matuƙi: To kun ji. Wannan ita ce matsalata da tsarin naku gaba ɗaya. Kun ɗora dukiya a kan abin da ba wanda zai iya rantsuwa a kansa.

Mai Zaure: Akwai misalin da ya shahara a kan haka, wa zai kawo shi daidai?

Hajiya Mai Tarawa: Na Omega kake nufi. A Nuwamban 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Speedmaster na 1957 a Janeba, mai fuska ruwan ƙasa irin wadda Sabon Shiga yake kwatantawa, a kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan 3. Ba a taɓa sayen Omega da tsada haka a gwanjo ba. Mai sayen kuwa kamfanin Omega ne da kansa, don gidan tarihinsa. A 2023 sai kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, an tattaro sassansa daga agogo daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Ka duba fa: gidan gwanjo mai ƙwararru, da kamfanin da ya ƙera agogon, da kundin tarihinsa a hannu.

Ɗan Batir: In masu shi ba su gane nasu ba, Sabon Shiga ne zai gane a hoton waya?

Baba Mai Gyara: Yau dai Ɗan Batir yana da gaskiya a nan. Kuma Navitimer yana da tasa matsalar ta daban. Lokacin da agogon batir ya karya kasuwar Suwizalan, Breitling ya durƙushe, a 1979 Willy Breitling ya sayar da sunan ga Ernest Schneider. Ragowar sassa da kwansuna da fuskoki aka sayar wa wasu kamfanoni, ciki har da Sinn na Jamus, wanda ya ci gaba da haɗa irin agogon da sunansa. Sassa na gaske sun bazu a hannun mutane. Saboda haka kana iya samun agogon da kowane ɓangarensa na gaske ne, amma ba su taɓa fitowa daga masana'anta tare ba. Fuskar farkon shekarun 1960, hannayen ƙarshensu, kwanson wata shekara daban. Na farko-farko fuskarsu baƙa ce gaba ɗaya da tambarin fuka-fukin ƙungiyar matuƙa ta AOPA, daga baya ƙananan da'irori uku suka koma farare, tambari ya koma jirage biyu. Dole lambar kwanso ta yi daidai da irin fuskar da irin zoben.

Sabon Shiga: Gaskiya jikina ya fara sanyi. Ni tunanina in na sayi mai tsadar, ko ba komai kuɗina na nan, bayan 'yan shekaru ma ya ƙaru. Ba ga Rolex Daytona na jarumin fim Paul Newman ba?

Dillali: Dala miliyan 17.8, Oktoban 2017, a Niyok. Kuma ko kafin nan tsofaffin Daytona suna hawa. Wanda ya sayi abu mai kyau ya riƙe, bai cika yin kuka ba.

Hajiya Mai Tarawa: Alhaji, ka faɗa masa ɗaya rabin mana. Wancan agogon ba ƙarfe aka saya ba, sunan mai shi aka saya, da saƙon da matarsa ta sa aka zana a bayansa. Guda ɗaya ne a duniya. Kawo shi misali ga mai sayen agogonsa na farko zalunci ne.

Ƙanena, ka tambayi waɗanda suka shiga kasuwa a farkon 2022, lokacin da farashin agogunan hannu-na-biyu ya kai ƙololuwa. Daga bazarar shekarar ya juyo ƙasa, ya yi ta sauka har shekaru biyu da suka biyo baya. Waɗanda suka saya don riba su suka fara rige-rigen sayarwa, suka ƙara danne farashin. Sannan ka lissafa abin da ba a faɗa. Gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin da aka buga guduma, mai sayarwa ma ana cire nasa. Dillali zai saya a hannunka ƙasa da yadda zai sayar, in ba haka ba me zai ci? Ga sabis duk bayan 'yan shekaru, kuma na agogo mai ma'aunin lokaci irin wannan, wanda ake danna wa maɓalli ya ƙirga daƙiƙoƙi, ya fi na sauran tsada. Ga inshora in kana da hankali. Kafin ka ce ka ci riba sai farashi ya yi tsalle mai nisa.

Dillali: Ban musa ba. Amma ki yarda cewa a faɗuwar nan sababbin da aka yi ta yayatawa ne suka fi shan kashi. Tsofaffi masu kyau na gaske ba su faɗi kamar su ba.

Hajiya Mai Tarawa: Masu kyau na gaske. Ka dawo da mu inda muka taso: wa zai tabbatar masa nasa yana cikinsu?

Ɗan Batir: Ni fa har yanzu ba a ba ni amsa ba. Ranar 25 ga Disamban 1969 Seiko ya fito da Astron, agogon batir na farko a kasuwa. Cikin shekara 15 ma'aikatan agogo a Suwizalan suka faɗo daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000. Me ya sa? Saboda duniya ta ga abin da ya fi. Agogon inji da ya ci jarrabawar COSC, hukumar gwada agogo ta Suwizalan, an yarda masa ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana, har a ba shi takardar yabo. Na batir mai araha ba ya yin wannan kuskuren a mako. Kyaftin, tsakani da Allah, kai da lissafin zoben Navitimer kake tuƙi?

Tsohon Matuƙi: Tsakani da Allah, a'a. Na iya shi, don irin lissafin da ake koya mana ne da faifan lissafi na hannu: mai nawa za ka ƙona a awa, tafiyar minti kaza a gudu kaza nisan nawa ce, mayar da mil zuwa kilomita. Amma a cikin jirgi mai girgiza, da dare, ba mai tsayawa karanta waɗannan ƙananan lambobin. Abokan aikina yawancinsu na batir suke ɗaurawa, mai nuna lokaci biyu, don mu da lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, muke aiki. Breitling ɗin ma ai ya gane haka, ya fito da Aerospace na batir a 1985, ya fito da Emergency a 1995 mai na'urar kiran ceto a ciki.

Sai dai kai ma Ɗan Batir ka kauce. A zamanin da aka yi su, rai ne a kansu. Lindbergh ya tsallaka daga Niyok zuwa Faris a 1927, awa 33 da rabi shi kaɗai, bayan nan ya zauna da Longines suka fitar da agogon lissafin matsayi a 1931, saboda kuskuren daƙiƙa 4 a lokaci yana iya kautar da lissafinka da kusan mil ɗaya na teku. Wanda yake son ya riƙe wannan a hannunsa ban ga laifinsa ba. Ni dai cewa nake ba sai ya sayi tsoho ba.

Sabon Shiga: To me zan saya, Kyaftin?

Tsohon Matuƙi: Sabo. Agogon masu lissafin hanya na sojan saman Jamus na 1940, wanda ake kira B-Uhr, kamfani biyar suka yi shi: A. Lange & Söhne, Laco, Stowa, Wempe da IWC. Milimita 55 ne, a kan rigar sanyi ake ɗaura shi, kan waninsa ƙato don a murɗa da safar hannu, ga alwatika mai ɗigo biyu a wajen 12 don ka gane sama da ƙasa a duhu. Na asalin ba ya ɗauruwa a hannun mutum, ga radiyam. Amma Laco da Stowa suna yin irinsa har gobe a girman da ya dace, IWC ma ya dawo da shi a 2002 da sunan Big Pilot. Ruwa ba ya shiga, akwai garanti, akwai sassa. Ka ɗaura abinka ka yi tabonka da kanka.

Hajiya Mai Tarawa: Ni wannan samfurin ne kaɗai ba na ajiyewa, tsoho ko sabo. Na san aikin da jiragen da aka yi shi dominsu suka yi a kan birane. Ban hana kowa ba, zane ne mai kyau, amma ni hannuna bai karɓe shi ba. Na fi son Mark 11, ko Cartier Santos, wanda Louis Cartier ya yi wa abokinsa Santos-Dumont ɗan Birazil a 1904 don ya duba lokaci ba tare da ya saki abin tuƙi ba.

Dillali: Hajiya, Mark 11 ɗin ma ai ba don kai wasiƙa aka yi shi ba.

Hajiya Mai Tarawa: Na sani, Alhaji. Ban ce hujjata ta cika ba, na ce hannuna bai karɓa ba.

Mai Zaure: Kada mu shiga wannan, zai kai mu dare. Baba, in yaron nan ya nace sai tsoho, me zai nema kafin ya biya?

Baba Mai Gyara: Da farko kada ya yi cinikin biri a sama. Hoton da mai sayarwa ya zaɓa ba hujja ba ne. Ya nemi a buɗe baya a ɗauki inji da haske mai kyau, a ga sunan kamfani a kan inji, a ga ko akwai tsatsa ko koren danshi, a ga kawunan sukurori ko an ci su da sukundireba. Navitimer na da ba ya jure ruwa ko kaɗan, zoben nan mai juyawa ƙofa ce ga danshi, don haka tsatsa a cikinsu ba baƙuwa ba ce. Ya nemi bidiyon ana danna maɓallin ma'aunin lokaci: ya tashi, ya tsaya, hannaye su koma sifili daidai, ba kusa da sifili ba. Ya dubi kalar fentin hannaye da na lambobi, in ɗaya ya tsufa ɗaya yana fari, ba tare suka girma ba. Sannan sharaɗi a rubuce: zan kai wa mai gyaran da na zaɓa, in ya ga abin da ba a faɗa ba, a dawo min da kuɗina. Mai gaskiya ba ya gudun wannan.

Dillali: Ka manta kwali da takardu, Baba. Suna ƙara daraja sosai.

Baba Mai Gyara: Ban manta ba, da gangan na bari. Buga tsohuwar takarda ya fi haɗa tsohuwar fuska sauƙi, kuma ana sayar da kwalaye da takardun garanti da ba a cike ba, kowa ya sani. Agogo ne zai gaskata takarda, ba takarda ce za ta gaskata agogo ba.

Dillali: Duk da haka in na kai kasuwa, mai takarda ne zai fara tafiya.

Sabon Shiga: Na tura wa su biyun buƙatar hoton inji da lambar kwanso. Mai ƙyallin ya turo nan take, ya kuma ce fuskar ta sabis ce, an sa ta tun da daɗewa. Mai tabon ya ce ba ya buɗe agogonsa don kada ƙura ta shiga.

Baba Mai Gyara: Bayan 806 ba sukuru ba ne, da wuƙar buɗe agogo ake ɓalle shi, aikin minti ɗaya ne ga wanda ya iya. Ka ce masa ya kai wa mai gyaran da shi ya yarda da shi ya buɗe, kai za ka biya kuɗin buɗewar. Ka turo mana lambar kwanson mai ƙyallin kuma, in duba ko ta dace da zoben da ke kansa.